Sauke Baƙo a Otal Ba Yanke Zumunci Ba Ne

A Nima da Maamobi, unguwannin zango na Accra, idan aka ji wani ya kai baƙonsa otal, sai a ce ya yar da shi. Dattawa kan ce baƙonka annabinka, kuma wanda ya taso daga Kano ko Kumasi ko Yamai don biki ko ta'aziyya, wajen ɗan'uwansa ya zo. Wasu kan ƙara da cewa otal matattarar giya ce da fasadi. Ina ganin girman masu wannan magana, don su suka riƙe zumuncin zango har ya kawo yau. Amma iyayena, ku yi mini haƙuri, a nan ban bi ku ba.

Lokacin da Malam Amadu Futa ya kafa Nima a farkon shekarun 1930, fili ne har da wurin kiwon shanu. Yau gida ɗaya iyalai da yawa ke cikinsa, kowa da ɗaki guda, bayan gida na haɗaka, wasu ma sai sun fita unguwa sun biya kuɗi. Baƙo na zuwa, a tura yara ɗakin maƙwabta, matar gida ta kwashe shimfiɗarta. Shi kuwa, wataƙila dattijo ne mai ciwon suga, ya kwana yana jin nauyin fita da dare. Kunya ta hana shi magana, ta hana mai gida. Wa aka karrama a nan?

Kakanninmu ma ba su ɗauki biyan masauki abin kunya ba. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga neman goro, gidan fatoma suke sauka. Shi ke ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya nemo masu saye, sannan ya karɓi la'adarsa. Bayan yaƙin Salaga na 1892 wannan tsari ya bi mutanenmu zuwa Kumasi da Accra, kuma bai rage wa kowa mutunci ba.

Batun fasadi kuwa, akwai wuraren da suka ci sunan, ba musu. Sai dai alhazanmu a otal suke kwana a Makka da Madina, masu hali ma a dogayen benayen da ke fuskantar Harami. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Dubai da Guangzhou saro kaya haka suke yi. Ɗaki ba ya ɓata mutum, sai abin da ya shiga da shi.

Inda na yarda da masu suka shi ne riya. Manyan otal-otal na Mövenpick Ambassador da aka buɗe a 2011 da Kempinski da ya biyo baya a 2015 ba su da nisa da Nima. Wanda ya ciwo bashi ya kama wa surukai ɗaki a can don a ɗauki hoto a sa a Facebook, alhali kuɗin makarantar 'ya'yansa na jira, ya yi almubazzaranci. Amma laifin girman kansa ne. Akwai ƙananan masaukai masu tsafta a Kokomlemle da Accra New Town, tafiyar motar haya ta tro-tro ɗaya daga gida.

Haƙƙin baƙo na kwana uku da addini ya ɗora mana bai faɗi ba don an biya masa ɗaki. A kai masa koko da ƙosai da safe, a ɗauko shi ya ci tuwo cikin dangi, a raka shi Juma'a a babban masallacin Kanda, a yi hira har dare, sannan a mai da shi inda zai huta. Malamanmu da sarakunan zango, don Allah ku faɗa wa jama'a cewa mai ɗaki ɗaya da ya yi haka ya sauke nauyin da ke kansa, a daina zunɗensa.