Waƙar "Auren Dole" ta Ɗan Maraya Jos: Tushenta da Karɓuwarta a Ƙasar Faskari

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu dubi yadda makaɗin baka ya rera rabuwar masoya, da yadda jama'ar karkara suka karɓi abin da ya rera. Mun zaɓi waƙar "Auren Dole" ta Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos (1946-2015), mun kuma ɗauki Faskari da maƙwabtanta, watau Ƙanƙara da Sabuwa, a matsayin fagen nazari. Hujjarmu ita ce, Bahaushe bai cika rera rashin masoyi don kuka kawai ba. Yakan rera shi ne don ya tuhumi wanda ya raba.

2.0 Tushen Waƙar

An haifi Ɗan Maraya a Bukuru kusa da Jos, iyayensa kuma suka rasu tun yana jariri, daga nan ya sami laƙabinsa. Abin kiɗansa kuntigi ne, mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fatar akuya. Wannan na da muhimmanci, domin makaɗin fada, mai taushi ko kotso, bakinsa na hannun ubangidansa ne. Mai kuntigi kuwa shi kaɗai yake tafe, ba 'yan amshi, kuma talakawa ne masu saurarensa, saboda haka yana da sararin taɓa abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya.

Abu na biyu shi ne kunya. A tarbiyyar Hausa budurwa ba ta fitowa fili ta musa wa mahaifinta a kan zaɓin miji. Abin da ke ranta sai ta sakaya shi cikin waƙar gaɗa a dandali, matar aure kuma cikin waƙar daɓe ko ta niƙa. Abin da Ɗan Maraya ya yi shi ne ya ɗauko wannan koke daga bakin mata, ya kai shi kasuwa da tasha. A "Auren Dole" iyaye masu tilasta wa 'ya ya tuhuma. A "Gulma Wuya" kuwa magulmaciya mai shiga tsakanin ma'aurata.

3.0 Karɓuwarta

Hanyoyi biyu suka kai irin waɗannan waƙoƙi ƙasar Faskari a shekarun 1970 da 1980. Ta farko Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962. Ta biyu kaset, wanda direbobi da fatake suka yaɗa ta hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta ratsa Sheme da 'Yankara. Ga shi kuma yankin ya saba da waƙar jama'a, domin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya daɗe da zama a Funtuwa.

Karɓuwar ta rabu biyu. Samari da mata sun ji an faɗi abin da ba su iya faɗa. Wasu dattawa kuwa suna kafa hujja da ikon ijbari da mazhabar Malikiyya ta bai wa uba a kan 'yarsa budurwa, ko da yake hadisi ya zo da umurnin a nemi izininta. Ashe ke nan waƙar ta faɗa cikin muhawarar da ta girme ta. Daga baya marubutan soyayya suka ci gaba da jigon, alal misali Balaraba Ramat Yakubu a "Wa Zai Auri Jahila?" (1990) da Ado Ahmad Gidan Dabino a "In Da So Da Ƙauna" (1991).

4.0 Kammalawa

Waƙar Ɗan Maraya ta tsira, domin an naɗe ta. Waƙoƙin matan da ta ɗebo ruwa daga rijiyarsu su ne ke cikin haɗari. Hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka kai ga sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, sun tarwatsa ƙauyuka da dama, dandalin dare kuma ba ya rayuwa inda babu kwanciyar hankali. Don haka muke kira ga sassan Hausa na jami'o'inmu da su tura ɗalibai, musamman mata 'yan yankin, su naɗo waɗannan waƙoƙi daga bakin tsofaffi tun suna da rai.