ABINCIN SHINKAFA KADA YA BI HAYAƘI

Manoman fadamar Rima, ga wata magana da ta shafi aljihunku. Babban abincin shinkafa shi ne wani sinadari da ake kira naitirojin, shi ke sa ganye ya yi kore shar. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari. Daga iska ake tatso shi, ta hanyar da Jamusawa biyu, Haber da Bosch, suka ƙago, aka fara aiki da ita a 1913. Aikin yana cin gas mai yawa ƙwarai, shi ya sa buhun ke da tsada.

To, abin da kuka zuba a gona, sau da yawa ko rabinsa shinkafa ba ta ci. Wani ya tashi sama, wani ruwa ya kwashe shi zuwa gulbi. In ya yi yawa a ruwa sai gansakuka ta rufe shi, kifi ya rasa numfashi. Masuntan Argungu su lura da wannan.

Wanda shinkafa ta ci kuwa, yana cikin ƙwaya da dusa da kara. Tan ɗaya na busasshen karan shinkafa yana da kamar kilo 5 zuwa 8. Watau wanda ya cinna wa tan huɗu wuta, ya ƙona kimanin buhun yuriya guda ke nan, don naitirojin hayaƙi yake bi.

Yanzu ga manyan injinan casa kusa da ku, na Labana a Birnin Kebbi, da na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Ku nemi dusa ku ba dabbobi. Ku shimfiɗa kara da ɓuntu a turke, su sha fitsari da kashi, su ruɓe, ku mayar gona.

Yaya za a auna amfanin? Raba gona biyu daidai. Gefe ɗaya ka sa yuriya yadda ka saba, ɗayan ka sa takin turke da rabin yuriyar. In kaka ta yi, ka ƙirga buhunan shanshera na kowane gefe dabam, ka rubuta. Idan suka zo kusa da juna, to, rabin nan da ka rage shi ne ribarka, kuma gulbi ya huta. Ka maimaita shekara uku, don taki ba ya nuna ƙarfinsa duka a damina ɗaya. Malamin gona zai taimake ka da lissafi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.