Dalilan Koyon Harshen Kwamfuta Mai Aiki da Fankshin

1.0 Gabatarwa

Harsunan shirya manhaja iri-iri ne. Wasu suna jera wa kwamfuta umarni, yi kaza sannan kaza. Wasu kuwa, kamar Lisp (1958) da Haskell (1990), an gina su ne a kan fankshin. Wannan takarda za ta bayyana ma'anar fankshin da dalilan da suka sa ya kamata ɗalibin harshe ya koyi irin wannan harshe.

2.0 Ma'anar Fankshin

Fankshin ƙa'ida ce da ake ba ta abu ta mayar da wani, kuma duk lokacin da aka ba ta abu ɗaya, amsa ɗaya za ta bayar. A Madekali, cikin gundumar Malanbil ta Jamhuriyar Benin, tsallaken kogin Kwara daga Gaya, da Sefa ake ciniki, kuma Bahaushe kan ƙirga ta da dala, wato faranka biyar. A harshen Haskell ana rubuta ƙa'idar kamar haka:

(1) faranka dala = dala * 5

Dala 20 faranka 100 ce, yau da gobe. Canjin Naira kuwa hawa da sauka yake yi, saboda haka dole a miƙa wa fankshin farashin ranar a fili. Ba a yarda ya ɗauko shi a ɓoye daga wani wuri ba.

3.0 Dalilai

Na farko, kuskure ba ya samun maɓoya. Tun da amsa ta dogara ne kawai ga abin da aka shigar, ana iya gwada kowane fankshin shi kaɗai.

Na biyu, ƙirar kalma haka take aiki. Parsons (1960) ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai. Giredi na 6 fankshin ne: a ba shi saiwa, ya liƙa mata -o da karin sama.

(2) saya → sayo, kama → kamo, fita → fito

Da kalma ɗaya ta Haskell, map, ana iya ɗora wannan ƙa'ida a kan aikatau dubu a layi guda.

Na uku, ilimin ma'ana da waɗannan harsuna tushensu ɗaya. Lissafin lamda da Alonzo Church ya ƙirƙiro a shekarun 1930 shi ne ginshiƙinsu, kuma da shi Richard Montague ya yi nazarin ma'anar jimla a farkon shekarun 1970.

Na huɗu, akwai kayan aiki a shirye. Grammatical Framework, wanda Aarne Ranta ya fara a 1998, da Haskell aka rubuta shi, ana kuma rubuta nahawun harsuna da shi domin fassara.

4.0 Kammalawa

Ɗalibin da ya saba rubuta ƙa'idojin nahawu ya riga ya yi rabin tafiya. Kwamfuta ba ta yi wa ƙa'ida kara: idan ƙa'idar jam'i ta mayar da gida *gidoji maimakon gidaje, nan take za a gani, a koma a gyara. Harsunan da ba su samu masu rubuta musu irin waɗannan ƙa'idoji ba, su ne ake bari a baya wajen fassara da gyaran rubutu a kwamfuta.