Cin abinci a gidan ɗan Mafiya: yadda wata doka ta mayar da gona a Sisili hannun jama'a

A kan tsaunukan da ke kudu da birnin Palermo, a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, akwai wani tsohon gidan gona da ake kira Agriturismo Portella della Ginestra. Baƙo kan kwana a nan, ya kuma ci abincin ƙauyen yankin: taliyar alkama, wake, man zaitun da cukun madarar tumaki. Garin da ke maƙwabtaka da shi, Piana degli Albanesi, ya yi suna wajen cannoli, wani soyayyen ƙwaɓin fulawa da ake naɗewa a cika shi da cuku mai zaƙi. Wanda bai san tarihin wurin ba zai ci, ya biya, ya tafi, ba tare da ya san cewa a da gidan mallakin iyalin Brusca ne, ɗaya daga cikin manyan gidajen ƙungiyar Mafiya.

Bernardo Brusca shi ne jagoran Mafiya a garin San Giuseppe Jato. Ɗansa Giovanni ne ya tayar da bam ɗin da ya kashe alƙali Giovanni Falcone da matarsa da masu tsaronsa uku a Capaci, ranar 23 ga Mayu, 1992. To, ta yaya gidan irin waɗannan mutane ya koma wurin da kowa zai shiga ya zauna a teburi?

Amsar tana cikin dokoki biyu, kuma ta farkon da jini aka same ta. Ɗan majalisa Pio La Torre ya daɗe yana cewa ɗauri kaɗai ba ya karya Mafiya, domin shugaba na iya tafiyar da harkokinsa daga kurkuku muddin dukiyarsa na nan. Ya gabatar da ƙudurin da zai ba kotu ikon ƙwace kadarorinsu. An harbe shi a Palermo ranar 30 ga Afrilu, 1982, majalisa kuma ta amince da dokar a watan Satumbar shekarar.

Sai dai ƙwacewa daban, amfani da abin da aka ƙwace daban. Gonaki da gidaje da dama sun zama kufai, domin ba mai ƙarfin halin taɓa su. Idan kuwa aka yi gwanjonsu, tsoffin masu su na iya turo yaransu su saye. A 1995 wani limamin Katolika, Luigi Ciotti, ya kafa ƙungiyar Libera, wadda ta tattara sa hannun mutum kusan miliyan ɗaya. Wannan matsin lamba ne ya haifar da doka mai lamba 109 ta 1996, wadda ta tanadi cewa a yi amfani da irin waɗannan kadarori don amfanin al'umma.

Tsarin yana da sauƙin fahimta. Kadarar kan koma hannun gwamnati ko ƙaramar hukuma, ita kuma ta ba wata ƙungiyar gama-kai aronta ba tare da kuɗin haya ba. Ƙungiyar ba ta da ikon sayarwa, kuma dole ta ɗauki ma'aikata bisa ƙa'ida, ciki har da masu buƙata ta musamman. Wadda ke riƙe da wannan gida an kafa ta a 2001, aka sa mata sunan Placido Rizzotto, jagoran ƙwadagon da Mafiyar Corleone ta kashe a 1948. Alkamar da take nomawa ce ake sarrafawa ta zama taliya mai tambarin Libera Terra, wadda ake sayarwa a kantunan ƙasar. A ganina hikimar dokar tana nan: matashin da a da sai ya durƙusa wa ubangidan Mafiya kafin ya samu aikin gona, yanzu yana karɓar albashi da takarda a kan ƙasar ubangidan.

Ba wai komai ya tafi daidai ba. An sha cinna wa gonakin irin waɗannan ƙungiyoyi wuta, an sace musu kayan aiki. Shari'a kan ɗauki shekaru kafin a miƙa kadara, wani lokaci sai rufi ya rufta. A 2010 aka kafa hukuma ta musamman don kula da kadarorin, amma har yau akwai masu yawa da ke zaune babu mai amfani da su, kamfanonin da aka ƙwace kuwa galibinsu rushewa suke yi.

Sunan gidan ma yana da nasa tarihin. Ba nisa da shi akwai mashigin dutsen Portella della Ginestra, inda manoma suka taru don bikin ranar ma'aikata a 1 ga Mayu, 1947, a lokacin da suke neman a raba musu filayen manyan masu ƙasa da ba a nomawa. 'Yan bindigar Salvatore Giuliano suka buɗe musu wuta daga kan dutse, mutum 11 suka mutu a ranar, har da yara. Duk shekara, ranar 1 ga Mayu, ƙungiyoyin ƙwadago na yin tattaki zuwa wurin.