Yadda Aka Gyara Ganuwar Tafkin Okicobi

A wannan fitowa mun kawo muku labari daga jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, inda akwai wani babban tafki da ake kira Okicobi. Faɗinsa ya kai murabba'in mil 730, amma ba shi da zurfi, don a yawancin wurare bai wuce ƙafa 9 ba. A kudancinsa akwai baƙar ƙasa mai albarka, inda ake noman rake da kayan lambu.

Da farko manoman wurin sun tare ruwan da 'yar gajeriyar ganuwa ta laka. A shekarar 1926 guguwa ta karya ta a wajen garin Moore Haven. A watan Satumba na 1928 wata guguwar da ta fi waccan ƙarfi ta tunkuɗa ruwan tafkin zuwa kudu cikin dare, ya shafe garuruwa da gonaki. Mutum 2,500 ko fiye suka rasu, yawancinsu baƙaƙen fata 'yan ƙodago masu aiki a gonakin wasu. Bayan wannan ne gwamnati ta sa injiniyoyin soja su gina babbar ganuwa. Sun fara a 1932, daga baya aka yi ta ƙara ta har ta kewaye tafkin, tsawonta mil 143, tsayinta wajen ƙafa 30. A 1961 aka raɗa mata sunan tsohon shugaban ƙasa Herbert Hoover.

To, da me aka gina ta? Da abin da aka yaso a wurin: rairayi, tsakuwa, ɓawon katantanwa da farin dutse. Duk wanda ya taɓa tare ruwa a fadama ya san rairayi ba ya riƙe ruwa kamar yumɓu. Idan tafki ya cika, ruwa yakan tsattsafo ta cikin ganuwar da ta ƙarƙashinta, ya ɓullo a baya. Muddin ruwan da ke ɓullowa garau yake, da sauƙi. Amma in ya fara fitowa da rairayi, to, rami yake haƙawa. Ramin yakan fara daga waje, ya yi ta cin ƙasa yana komawa wajen tafki kamar hanyar gara, alhali daga sama ganuwar tana nan lafiya lau, har mota tana bi ta kanta. Ranar da ramin ya isa tafkin, ba mai iya toshe shi. An ga alamun haka lokacin da ruwa ya yi yawa a 1995 da 1998, kuma a 2006 masanan da jihar ta ɗauka suka ce haɗarin babba ne, yana kuma kusa.

Abin da aka fara yi shi ne rage ruwa. Daga 2008 aka riƙa tsayar da tafkin ƙasa da yadda aka saba. Wannan ma da tasa wahalar. In damina ta yi ƙarfi sai a sako ruwan zuwa teku ta kogunan gabas da yamma, ya tafi da gansakuka, masunta su yi ta kuka. In rani ya yi tsanani kuma, masu rake su ce ruwan ban-ruwa bai ishe su ba.

Babban aikin shi ne bangon da aka dasa a tsakiyar ganuwar. Injin yana hawa kanta, ya haƙa siririn rami mai zurfi har ya zarce gindinta, yana gauraya ƙasar da siminti da wani yumɓu mai kumbura in ya sha ruwa. In ya daskare sai ya zama bango a ɓoye. Ruwan da ke son wucewa dole ya yi zagaye ta can ƙasa, kafin ya fito ƙarfinsa ya ragu, ba ya iya ɗaukar rairayi. An yi mil 56 na irin wannan bango a inda haɗari ya fi yawa. An kuma sake tsofaffin kwalbatoci 28, domin ta gefen kwalbati ne ruwa ya fi samun hanya. A watan Janairu na 2023 aka yi bikin gama aikin, bayan an kashe dala biliyan ɗaya da rabi ko fiye.

Mun san ba ƙungiyar da za ta iya sayen irin wannan injin. Amma mu ma muna zaune a ƙarƙashin ganuwar ƙasa, ba mu kuma manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 da na Alau a 2024 ba. Ƙungiyar da ke da ƙaramin dam ta zaɓi mutum biyu su riƙa zagaya bayansa, musamman a watan Agusta da Satumba. Su duba ramin gafiya da gidan gara, su cire ƙananan itatuwa tun saiwarsu ba ta yi nisa ba, su share hanyar da rarar ruwa ke fita. In sun ga ruwa mai laka yana ɓulɓulowa, kada su danne bakinsa, don zai fashe ta wani wuri. Su kewaye shi da buhunan ƙasa har ruwan ya taru ya fara fita garau, sa'an nan su rage ruwan dam ɗin, su aika wa mai unguwa da mutanen da ke gangare tun rana ba ta faɗi ba.