Na'urar da Ke Jiran Shirin Rediyo a Madadinka

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka ba ni aikin gadin rikoda a gidanmu. Idan Baba zai fita, ga kuma shirin da ba ya son ya wuce shi, sai ya miƙo mini kaset ya ce, "Da ka ji take, ka danna jan da baƙin tare." Kaset mai minti 90 kowace fuska minti 45 take ɗauka, dole mutum ya zauna ya jira ta ƙare ya juya. Wata rana ƙwallo ta ɗauke mini hankali. Abin da Baba ya tarar a kaset ɗin shi ne sallamar mai gabatarwa da tallan sabulu. Sauran labarin tsakanina da shi ne.

Kaset ɗin nan, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 1963, ta daɗe tana yi wa Bahaushe hidima, amma tana bukatar mutum a gefenta. Rikodar zamani ta sallami mai gadin. Akwatin rediyo ne da aka haɗa masa agogo da ramin katin memori. Kana gaya masa tasha, da rana, da lokacin farawa da na tsayawa, sai ka kama gabanka. Lokaci na cika ya farka, ya kamo tashar, ya naɗi shirin, ya koma barci. Wasu ana iya saita su su maimaita kullum ko duk mako, kuma kwamfuta ma tana yin wannan aiki idan tashar tana watsa shirinta ta intanet.

Yadda murya ke shiga kati kuwa, awo ne. Na'urar tana auna ƙarfin sauti sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, tana rubuta kowane awo da lamba. A faifan CD sau 44,100 ake yi. Lambobin suna da yawa ƙwarai, shi ya sa ake matse su. Tsarin MP3, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi jagorancin ƙirƙirarsa, yana zubar da sassan sautin da kunnen ɗan Adam ba ya lura da su, kamar ƙaramin sautin da babba ya danne. Idan aka naɗi magana a ma'aunin kilobit 64 a daƙiƙa, awa guda ba ta kai megabait 30 ba. Ke nan katin gigabait 8, wanda bai fi farce girma ba, zai ɗauki sama da awa 270, wato kaset irin na Baba wajen 180. Tafsirin azumi guda sukutum zai shige ya bar sarari.

Sai dai na'urar ba ta da kunne, agogo kawai gare ta. Ba ta san take ba, ba ta san muryar malam ba. In ka ce mata ƙarfe takwas, to takwas za ta fara, ko da tashar ta makara saboda sanarwar ɗaurin aure ta yi tsawo. In shirin ya zarce lokacinsa, za ta datse shi a tsakiyar magana, ko a jikinta. A wasu akwatunan, da an ɗauke wuta babu batir a ciki, agogon ya koma sifili, sai ta tashi da tsakar dare ta naɗo maka shuuu na awa guda. Mai bin tashoshin waje yana da ƙarin aiki: agogon Najeriya da Nijar yana gaban na GMT da awa ɗaya, kuma tashoshin gajeren zango kan sauya mita sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Wanda bai gyara saitinsa ba zai dawo ya tarar da wani yare daban. Akwai kuma cajar waya mai araha, wadda in tana kusa da eriya take cusa ƙara cikin gajeren zango da matsakaicin zango. FM ya fi jure mata.

Wani zai ce ina amfanin wannan wahala tunda akwai intanet. Gaskiya ne Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da takwarorinsa na Jamus da Faransa suna ajiye shirye-shiryensu a shafukansu. Amma sauraren nan data yake ci, iskar rediyo kuwa kyauta ce. Kuma shirin da ya fi shafar mutum, na farashin hatsi a kasuwar garinsu ko na likitan da ke amsa tambayoyin mata, sau da yawa ƙaramar tasha ce ke yinsa, ta watsa sau ɗaya, shi ke nan ya bi iska.

Batun halaccin naɗar shiri kuwa, an daɗe da taɓa shi a Amurka. A 1984 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar kamfanin Sony da Universal, ta yanke cewa naɗar shirin talabijin a gida don a kalla daga baya bai saɓa wa haƙƙin mallaka ba. Naɗa don sayarwa wata magana ce daban. Tashoshin da kansu ma suna da irin wannan na'ura da ke aiki dare da rana. A Birtaniya wajibi ne gidan rediyo ya ajiye abin da ya watsa na kwana 42, saboda ranar da wani zai kai ƙara.

Wannan batu na ajiye shaida ne ya fi jan hankalina, musamman a Kano, inda sojojin baka ke cika tashoshi da daddare. Kafin gari ya waye an gutsuro daƙiƙa talatin daga maganar wani an watsa a WhatsApp, babu abin da ya gabace ta, babu abin da ya biyo. Mai cikakken shirin a katinsa, da kwanan wata da lokaci, shi kaɗai zai iya nuna inda aka sa almakashi. Ni dai yanzu nakan ƙara minti biyar a gaba, goma a baya, in kuma duba batir kafin in fita. Makon jiya duk da haka sai da aka ɗaga shirin da na saita zuwa bayan sallar isha'i.