A Haɗa Gwajin Ji Da Rigakafin Jarirai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 34 ne ke fama da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na larurar a tsakanin yara ana iya kauce mata. A arewacin Najeriya abubuwan da ke jawo ta ba baƙi ba ne: sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai da aka yi wa sakaci, kunne mai zubar da ruwa, da allurai irin su gentamicin idan aka yi su barkatai. Sai dai abin da ya fi cutar da yaron shi ne jinkirin ganowa, ya ma fi tsadar na'urar ji illa. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. A nan kuwa sai yaro ya shekara uku bai ce uffan ba, kaka tana cewa ai ubansa ma ya yi nauyin baki, alhali shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe suna wucewa.

Gwajin ba wuya: 'yar na'ura ake sawa a kunnen jariri yana barci, cikin mintuna an gama. Matsalar ita ce yawancin matan arewa a gida suke haihuwa, don haka gwaji a ɗakin haihuwa kaɗai ba zai kai ga yawancin jarirai ba. Binciken Bolajoko Olusanya a Legas ya nuna mafita: ma'aikatan lafiya na matakin farko sun gwada jarirai a ranar allurar rigakafi ta BCG, har da waɗanda aka haifa a gida.

Wani zai ce meye amfanin ganowa tunda na'urar ji ta fi ƙarfin talaka, ƙwararru kuma sun taru a 'yan wurare irin su Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna? Ƙorafin na da tushe, amma ya manta da maganar hannu, wadda kuramen ƙasar Hausa suka daɗe suna yi. Cikakken harshe ne, kuma uwar da ta san halin ɗanta tun yana goye za ta iya koyonta tare da shi, maimakon jiran ranar kai shi makarantar kurame irin ta Tudun Maliki a Kano. Gwamnatocin jihohi su sa gwajin ji cikin katin rigakafi, su kuma ɗauki kurame manya aikin koya wa iyaye maganar hannu.